Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gida da Gini Ba Tare da Bango Ya Karkace Ba

Aikin farko da wani dillalin gidaje ya ba ni bene ne mai hawa biyu. Na tsaya a gabansa, na ga rufin bai shigo ba, sai na ɗan ɗaga bakin kyamara sama na danna. Da na buɗe hotunan a kwamfuta, gidan ya tsuke ta sama kamar zai kwanta da baya. Dillalin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, gidan nan fa ba a karkace aka gina shi ba." Tun daga ranar na san inda sana'ar nan ta dosa. Hoton mutum yana yafe ƙaramar karkata, hoton gini ba ya yafewa, domin idon kowa ya san bango a miƙe yake. Kusan duk kayan da zan lissafa maka, aikinsu ɗaya ne: su riƙe kyamara daidai, kada ta kalli sama, kada ta kalli ƙasa.

Kayan aiki

Mai ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara. Da shi na fara don ya fi ita kyamarar muhimmanci a wannan aiki. A cikin ɗaki hoto ɗaya kan ɗauki rabin daƙiƙa ko fiye, kuma za ka ɗauki uku ko biyar a wuri guda waɗanda dole su hau kan juna daidai. Hannu ba zai iya ba. Nemi wanda zai kai ƙirjinka ba sai ka zaro sandar tsakiya ba, mai roba a ƙafa don kada ya karce tayil ko katakon mutane.

Kan da ke samansa. Nan ne masu farawa kan yi rowa, nan kuma ya kamata su sake hannu. Kai mai ƙwallo yana da sauri, amma kana kwance shi komai ya kwance tare: ka gyara hagu, gaba ta zame. Kai mai giya yana da maɓallai uku, kowanne da ɓangaren da yake juyawa, kaɗan-kaɗan, inda ka bar shi nan zai tsaya. Manfrotto 410 shi ne wanda da yawa suka fara da shi, akwai Benro GD3WH da ya fi shi sauƙin ɗauka, akwai kuma Arca-Swiss C1 Cube na waɗanda suka yi nisa. In babu ko ɗaya, kai mai hannu uku ya fi mai ƙwallo.

Kyamara. Kowace iri ce, muddin ana canza mata lensi, tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tana da AEB, wato ɗaukar hoto uku ko biyar a jere da haske daban-daban, kuma tana nuna lebur, wato ma'aunin karkata, a fuskarta. Saurin kama abu mai gudu da ake tallata sababbin kyamarori da shi ba ruwanka da shi, gida ba ya gudu. Abin da za ka sani shi ne girman sensarta, wato farantin da ke cikinta wanda hoto ke sauka a kansa. Babbar sensa milimita 36 ce da 24. Ƙaramar, APS-C, tana tsuke abin da lensi ke gani da 1.5 a Nikon, Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon.

Lensi mai faɗin gani. Ƙaramar lambar mm ita ce mai faɗin gani, babba kuma tsuke shi take yi. A babbar sensa, 16-35mm ya isa kusan komai. A ƙarama, nemi 10-18mm ko 10-22mm. Ƙara da matsakaici kamar 24-70mm ko 50mm don ƙananan abubuwa, irin aikin ƙofa, matakala, famfo.

Lensi mai zamiya. Wannan shi ne kayan masu ɗaukar gini na ainihi. Kowane lensi yana jefa hoto zagayayye a bayansa, sensa ta ɗebi tsakiyar. Na yau da kullum da'irarsa kusan milimita 43 ce, daidai rufe sensa. Canon TS-E 17mm da TS-E 24mm samfuri na biyu, da suka fito a 2009, da'irarsu ta kai kusan milimita 67, don haka kana iya zame gilashin sama har milimita 12 kyamara na nan a miƙe, saman ginin ya shigo, bango bai motsa ba. Nikon ce ta fara kawo irinsa ga kyamarorin fim na 35mm a farkon shekarun 1960, daga baya ta fitar da PC-E 24mm da PC 19mm na 2016. Laowa da Samyang su ma suna yi. Dukkansu da hannu ake saita su. Ra'ayina, in hotunan talla na gidajen haya da na sayarwa kake yi, bari sai aiki ya kankama. In masu zanen gini kake wa aiki, 24mm mai zamiya ya kusa zama dole.

Sauran ƙananan kaya: filasha ɗaya ko biyu da na'urar kunna ta daga nesa, gilashin kashe ƙyalli da aka rubuta wa CPL, ƙarfen L don tsayar da kyamara a tsaye ba tare da ta rinjayi gefe ba, ƙaramin lebur irin na magina mai ɗigon ruwa, batir biyu, memori biyu, ƙyallen goge gilashi, da abin tokare ƙofa. Na sanda da na jirgi marar matuƙi sai mun zo kansu.

1. Zagaya gidan kafin ka buɗe jaka

Shiga kowane ɗaki hannu sake. Duba inda rana take faɗowa, ka tsara wanda za ka fara da shi. Ja labule su yi daidai, rufe murfin masai, kwashe kwandon shara, igiyoyin caja, takalma, hotunan iyali da duk takardar da ke da suna ko lamba. Kashe fanka da talabijin. Minti goma a nan ya fi awa guda kana gogewa a kwamfuta. Kafin ranar ma, tambayi ina fuskar gidan take kallo. Mai kallon gabas na safe ne, mai kallon yamma sai rana ta karkata.

2. Saita kyamara sau ɗaya

RAW. ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, 100 zuwa 400. Buɗin lensi f/8, in akwai abu kusa da kai sosai f/11. Kada ka kai f/22 da tunanin komai zai fi fitowa, daga f/16 hoto laushi yake farawa. Kashe na'urar hana rawar hannu tunda kyamara na kan ƙafa, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don taɓawar yatsanka ta lafa kafin ta ɗauka. A 20mm da f/8, in ka saita gani a kan abin da ke mita biyu daga gare ka, daga kusan mita ɗaya har ƙarshen ɗaki zai fito tsaf. Launin haske kuma ka kafe shi a wuri ɗaya, kada ka bar kyamara tana canza ra'ayi daga hoto zuwa hoto.

3. Tsayi da lebur

Wannan shi ne matakin da in ka iya shi, ka iya rabin aikin.

Mai farawa yakan kafa kyamara daidai idonsa. Daga can silin ne zai cika hoto, sai ya sunkuyar da ita don kujeru su shigo, bango kuwa ya buɗe ta sama kamar kwando. Sauko da ita. A falo da ɗakin kwana, tsakanin mita 1.2 da 1.4 daga ƙasa. A kicin, ɗaga ta yadda za a ga saman kanta amma ba a hango ƙarƙashin kabad ɗin sama ba. A banɗaki, ɗan sama da wurin wanke hannu.

Sannan ka daidaita. Akwai karkata iri biyu, ta hagu da dama wadda kowa ke lura da ita, da ta gaba da baya wadda ita ce mai ɓarna. Dalilin ba wuya: in bayan kyamara bai yi daidai da bango ba, wani sashen bangon ya fi wani nisa da sensa, abin da ya fi nisa kuwa ƙanƙancewa yake. Kunna lebur ɗin kyamara har layukan biyu su nuna daidai, amma kada ka tsaya nan, don wani lokaci yakan ɗan yi ƙarya. Kunna layukan raga a fuskarta, ka dubi gefen hagu da na dama na hoton. Nemi jikin ƙofa ko kusurwar bango, ka ga ko ya bi layin daga sama har ƙasa. In ya rabu da shi ko da kaurin zare ne, juya maɓallin gaba da baya kaɗan har su haɗu. Tsakiyar hoto ba ta tona asiri, gefe ne ke tonawa.

Bayan ka daidaita, in silin ya yi yawa ko daɓe ya yi kaɗan, kada ka taɓa kan da kyamara ke zaune a kai. Rage tsayin ƙafafun, ko ka zame lensi ƙasa in mai zamiya ne.

4. Zaɓi inda za ka tsaya

Hanya biyu ce. Ko ka tsaya a kusurwa ko bakin ƙofa ka kama bango biyu, ko ka fuskanci bango ɗaya kai tsaye. Ta biyun ta fi kwarjini, masu zanen gini ita suka fi so, amma ba ta da afuwa: dole ka tsaya a tsakiya cif, layin da silin ya haɗu da bango ya kwanta daidai.

Kuskuren da na fi gani shi ne buɗe lensi har ƙarshe a kowane ɗaki. A 16mm kujerar da ke gefe takan miƙe ta zama gado, agogon bango ya zama ƙwai. Ɗakin ya yi girma a hoto, mai saye ya zo ya tarar da abin da bai kai ba, ya daina yarda da sauran hotunan. Ni nakan zauna tsakanin 20mm da 24mm, ina ajiye 16mm don banɗaki da lungu. In wuri ya matse, tokare ƙofa ka ja baya ka ɗauka daga waje. Kafin ka danna, dubi madubi, gilashin taga, fuskar talabijin da murfin tanda. Na taɓa miƙa hoton kicin da ƙafafuna biyu tsaye a jikin firji.

5. Haske da taga

Matsalar cikin ɗaki ita ce waje ya fi ciki haske nesa ba kusa ba. Ka saita don ɗaki, taga ta zama farar takarda. Ka saita don taga, ɗaki ya zama kogo.

Hanya mafi sauƙi ita ce AEB: hoto uku ko biyar, tazarar mataki biyu na haske tsakaninsu (kowane mataki ninka haske ne ko raba shi biyu), sannan ka haɗa su a kwamfuta. Tabbatar mafi duhun ya nuna abin da ke bayan taga, mafi hasken kuma ya buɗe ƙarƙashin tebur. Kada ka taɓa ƙafar kyamara har su gama.

Hanya ta biyu, ta filasha, ta fi tsabtar launi. Ɗauki hoto ɗaya da hasken da ke ɗakin. Sannan ka kai saurin ɗauka wajen 1/160 na daƙiƙa, ƙasa da iyakar saurin da filasha ke iya bi, wanda ke tsakanin 1/200 da 1/250 a yawancin kyamarori, ka riƙe filasha a hannu ka harba ta silin, kana tsaye bayan kyamara ko gefenta. Farin silin zai watsa hasken ya sauko a hankali. A kwamfuta sai ka ɗora ɗaya kan ɗaya: launi daga na filasha, inuwa da yanayin ɗaki daga na farko. In silin katako ne ko an yi masa fenti mai launi, kada ka harba can, duk ɗakin zai rine. Nemi farin bango a bayanka, ko farar lema ta masu hoto, ko wani ya riƙe maka farin ƙyalle.

Maganar fitilu kuwa, ana saɓani a kanta. A ma'aunin launin haske, kwan fitila mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700K, hasken rana kusan 5500K. In suka haɗu a ɗaki ɗaya, gefe guda zai yi rawaya, ɗayan shuɗi, kuma babu saitin da zai gyara duka biyun. Ni da rana nakan kashe su in taga ta wadatar, in ɗauki wani hoton daban da su a kunne ko dillali zai nema.

6. Waje

Ƙa'idar dai ita ce: kyamara a miƙe. In saman gini bai shigo ba, ga abin yi bisa tsari. In kana da mai zamiya, daidaita kyamara tukuna, sannan ka zame sama har rufin ya shigo da ɗan sarari. In ka kai ƙarshen zamiya, kusurwoyi kan yi duhu, sai ka tsuke zuwa f/11. In ba ka da shi, ja baya iyakar yadda wuri ya bari ka ƙara tsawon lensi, don nisa na rage karkata. In babu wurin ja da baya, juya kyamara a tsaye, buɗe lensi, ɗauka a miƙe, ka yanke titin da ya cika ƙasan hoton daga baya. Ɗaga baki sama shi ne na ƙarshe, kuma in ya zama dole ka bar fili mai yawa a gefe da sama, domin gyaran kwamfuta cin gefe yake yi.

Gilashin CPL yana rage ƙyallin taga, tayil da ruwa. Juya shi a hankali kana kallo. Yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, ba ya aiki a kan ƙarfe tsirara, kuma a lensi mai faɗi sosai yakan bar sama da duhu a gefe ɗaya.

Hoton da ya fi sayar da gida shi ne na bayan faɗuwar rana. Kunna duk fitilun ciki da na waje, kafa kyamara tun rana ba ta faɗi ba, ka jira. Kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin da biyar bayan ta faɗi, hasken sama da na tagogi za su yi kunnen doki. Lokacin gajere ne, don haka ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya, kana ɗauka duk bayan minti biyu.

7. Ɗaga kyamara da sanda

Mutane na jin hoton sama sai su tuna jirgi marar matuƙi, alhali yawancin gidaje mita huɗu zuwa shida kawai suke buƙata. Daga nan katanga da motar da ke gaba sun daina tare fuskar gida, fili ya bayyana. Ga kuma abin da na fi so: in kyamara ta kai rabin tsayin gini, a miƙe ma za ta kama shi duka, ba sai an ɗaga mata baki ba.

Akwai sanduna na musamman da ake yi wa masu hoto, amma doguwar sandar masu fenti mai zarowa tana yi. Bakinta ba ɗaya ba ne da ramin ƙarƙashin kyamara, wanda kwata na inci ne, don haka sai da mahaɗi. Ɗora ƙaramar kyamara da lensi marar nauyi, kilo ɗaya a ƙarshen sanda mita biyar ji za ka yi kamar yaro ka ɗaga. Ɗaura igiyar kyamara a jikin sandar ko da mahaɗin zai kwance. Haɗa ta da wayarka ta manhajar kamfanin don ka ga abin da take gani. Sanda tana lilo, saboda haka saurin ɗauka ya kai 1/500, ISO ya hau in ya so. Kafa gindin a ƙasa, taka gefensa da ƙafa, zaro gaɓa ɗaya-ɗaya kana ɗaurewa, ka ɗauki hotuna da yawa a jere, ɗaya zai fito a miƙe. Manna ƙaramin lebur a jikin sandar daidai idonka.

Kafin ka zaro ko gaɓa ɗaya, ɗaga kai ka nemi wayar lantarki. Alminiyom yana ɗaukar wuta, baƙar sandar kabon ma tana ɗauka, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta take kamawa ba. Mita uku shi ne mafi ƙarancin tazara, manyan layuka sun fi haka. In sandar za ta iya kaiwa waya idan ta faɗi, canza wuri. Ana iska ko hadari, a bar shi. In babu sanda, tsani mai ƙarfi da wanda zai riƙe maka, ko barandar benen da ke fuskantar gidan in masu shi sun yarda.

8. Jirgi marar matuƙi

Amfaninsa nuna girman fili, iyakarsa da abin da ke kewaye. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka duba ta hukumar jiragen saman inda kake kafin ka tashi. A Tarayyar Turai iyakar tsayi mita 120 ce, a Amurka ƙafa 400, kuma tun 2016 mai yi don kuɗi a can sai da lasisin Part 107. Ƙasashe da yawa sun sassauta wa jirgin da bai kai giram 250 ba, shi ya sa aka yi DJI Mini ya tsaya a 249. Sassauci ne kawai, kusa da filin jirgin sama da wuraren tsaro haramcin na nan.

Kada ka haura can ƙololuwa, daga nan rufin kwano kawai za a gani. Fara daga mita shida zuwa goma sha biyar, kyamarar na kallon gaba a miƙe. Sannan ɗaya daga kusurwa da ɗan tsayi, sai ɗaya yana kallon ƙasa kai tsaye don iyakar fili. Sensar ƙananan jirage ƙarama ce, don haka RAW, ISO 100 da AEB. Saita tsayin dawowa gida sama da itace mafi tsawo a wurin, ka sauko batir na da saura. Tsakar gidan maƙwabta kuma ba naka ba ne, juya kyamara ko ka yanke shi.

9. Gyara a kwamfuta

Fara da gyaran lanƙwasar lensi, domin lensi mai faɗi yakan kumbura layukan gefe, in kuma ba ka cire wannan ba, miƙar da bango ba za ta yi daidai ba. Sannan ka miƙar. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, abin da ake kira Guided Upright na ba ka damar ja layi biyu a kan jikin ƙofa ko kusurwar bango, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Capture One na da irinsa, darktable da RawTherapee kuma kyauta ne. Dogon gini da aka ɗauka daga kusa, in ka miƙar da shi ɗari bisa ɗari yakan yi kamar kansa ya fi gindinsa faɗi, sai ka ɗan rage.

Wajen haɗa hotunan haske, ja hannu. In inuwa ta ɓace gaba ɗaya, ko farin bango ya yi toka-toka, ko wani haske ya zagaye bakin taga, ka wuce gona da iri. Taga ta fi ɗaki haske kaɗan, haka ido ya saba gani. Kana iya goge igiyar caja da ka manta ko inuwarka a madubi. Tsagewar bango, tabon yoyo da turken lantarki da ke gaban gida kuwa na gidan ne, mai saye zai tarar da su, a bar su.

Fitar da hotunan a matsayin JPEG da tsarin launi na sRGB, dogon gefen ya kai ɗigo 2000 zuwa 3000 don intanet, cikakken girma don bugawa. Jera su yadda baƙo zai shiga gidan: fuska, falo, kicin, ɗakuna, baya, sannan na sama. Kafin ka tura, buɗe kowanne ya cika fuskar kwamfuta, ka dubi bangon da ke daf da gefen hagu da na dama, ka ga ko ya jeru da bakin allon.